Bangon da Baba Ya Gane

Ranar da muka kai Baba makwancinsa, rumfa biyu aka kafa a ƙofar gidan Yaya a Azare, aka shimfiɗa tabarmi har bakin kwata. Mutane sun taru sosai, amma yawancinsu ba su san mamacin ba. Abokan aikin Yaya ne daga sakatariyar ƙaramar hukuma, da 'yan kasuwa, da maƙwabta. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya yi addu'a, ya kama hannun Yaya ya ce, "Alhaji, ka yi ƙoƙari. Allah ya ba ka ladan jinya." Wani ya ce a zamanin nan ba kowane ɗa ne zai riƙe tsoho mai gigin tsufa shekara huɗu a gidansa ba. Yaya yana sunkuye yana cewa amin.

A cikin gida, Goggo, ƙanwar Baba, ba ta yi kuka ba. Da na durƙusa zan yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ni tun bara na yi kukana. Yau gawa kawai aka fitar."

Bayan la'asar wani dattijo ya iso daga Katagum. Tun suna samari suke aikin gini tare da Baba. Da ya gama addu'a sai ya ɗaga kai ya dubi bangon ƙofar gidan, wanda aka liƙe da farin tayil daga sama har ƙasa. Ya ce, "An ce mini ya yi zane a nan kafin ya kwanta. Na so in ga aikinsa na ƙarshe."

Yaya ya ce, "Damina ce ta zubar da shi, Malam. Ka san ƙasa ba ta zama a kan siminti."

Dattijon ya dubi tayil ɗin, ya dube ni. A gefen tabarma akwai wani ɗan kudu mai shagon kayan gini a bakin layin gidan, wanda ya rufe shagonsa tun safe ya zo ya zauna da mu. Da ya ji amsar Yaya sai ya tashi, ya sa takalminsa, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba.

Ba damina ba ce ta zubar da zanen. Ina rubuta wannan ne don a san wane ne mutumin da aka yi wa wannan taro, da kuma abin da muka yi masa, ni da yayana.

Baba magini ne. A Katagum, idan ka ga tsohon soro mai zane a goshinsa, zanen da aka taso da shi da ƙasa har yana fitar da inuwa, to da wuya a ce hannunsa bai taɓa wurin ba. Gajere ne, mai faffaɗan tafin hannu, ba shi da yawan dariya. Kafin ya yarda da ƙasa sai ya ɗiba ya murza, ya ɗan taɓa a harshensa. Idan ya je gidan mutum, ko gaisuwar mutuwa ce, yana magana yana shafa bango, kuma kafin ya tashi sai ya gaya wa mai gidan inda bangon zai tsage. Ba a son jin haka daga bakinsa, domin yakan tsage ɗin.

Ba zan mayar da shi waliyyi don ya rasu ba. Baba yana da baki, kuma 'ya'yansa suka fi kowa shan sa. Mu biyu ne maza. Yaya ɗan fari ne, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake ce masa. Yaya ya ƙi gini ya bi boko. Da ya fara aiki sai ya sayo siminti buhu huɗu, ya ɗoro a mota ya kawo Katagum, don a yi wa zauren gidanmu filasta. Ya zo da murnarsa. Baba ya sa aka jera buhunan a ƙofar gida, ya hana kowa ya shigar da su. Ruwan sama ya dake su har suka zama dutse. Shekara da shekaru a kansu baƙi suke zama. Duk wanda ya zo sai Baba ya nuna masa ya ce, "Zauna a kan kyautar wancan. Abin da take iyawa ke nan." Yaya ya ji wannan magana da kunnensa ba sau ɗaya ba.

Ni na ɗauko hannun Baba, amma a takarda. Na karanta zane a kwaleji, na zama malamin zane a wata sakandare a Azare. Ranar da na kai masa hoton zaurenmu da na zana da fensir, wanda malamanmu suka yaba, ya juya takardar ya duba bayanta, ya miƙo mini. Ya ce, "Wa zai shiga ciki ya kwana?"

Amma shi ne kuma mutumin da ya yi wannan: wata shekara kogi ya yi ambaliya ya rushe ɗakin wata tsohuwa makauniya a bayan gidanmu. Babu wanda ya roƙe shi. Ya je ya tayar da ɗakin, sannan ya taso da wani siririn layi na ƙasa a jikin katanga, daidai tsayin hannunta, daga ƙofar ɗakinta zuwa bayi, wani kuma zuwa wurin randa. Na bayin santsi ne, na randar ya yi masa ƙananan ƙulle-ƙulle. Har ta rasu ba ta ƙara kiran kowa ya ja mata sanda a cikin gidanta ba. Da Inna, mahaifiyarmu, ta yaba masa, cewa ya yi ragowar ƙasa ce bai so ta lalace.

Bayan rasuwar Inna abin ya fara. Sai ya yi sallar la'asar sau biyu. Sai ya tambayi Goggo ko Inna ta dawo daga unguwa. Wata rana ya kwaɓa ƙasa ya toshe tagar maƙwabcinsa, ya ce an sa shi aikin. A shekarar da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, Goggo ta aro ta wani ta kira Yaya ta ce ba za ta iya ba. Muka je muka ɗauko shi. Likitan da muka kai shi wurinsa ya ce ciwon mantuwa ne, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Yaya ya ba shi ɗaki a gidansa, matar Yaya ta ɗauki wankinsa da abincinsa. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi abin da 'yar cikinsa za ta yi, ko da yake wani lokaci da tsaki take yi.

Layin gidan Yaya sabuwar unguwa ce. Gidaje na bulo, katanga iri ɗaya, baƙin get na ƙarfe iri ɗaya. Baba mutum ne da ba ya zaman ɗaki. Da hantsi zai fita masallaci ko bakin titi, idan ya juyo sai ya rasa ƙofar da zai shiga. Ya buga gidajen mutane. An taɓa samun sa a tashar mota yana tambayar motar Katagum, babu hula, babu takalmi ɗaya. Mai shagon kayan ginin nan shi ya fi kowa dawo da shi. Yakan zaunar da shi a benci, ya ba shi ruwa, ya bar shi ya yi ta zagin buhunan simintin da ke shagon, sannan ya riƙo hannunsa har gida. Da Hausarsa ta kasuwa yakan ce mini, "Malam, Baba bai ɓata ba. Gidan ne bai san shi ba."

Yaya ya ce a sa wa ɗakin kwaɗo. Na roƙe shi ya ba ni lokaci in gwada wani abu. Na zana kibiya ja a katanga, Baba ya wuce ta. Na liƙa hotonsa a jikin get, ya tsaya ya yi wa hoton sallama ya wuce. Na shafa wa get ɗin koren fenti, bai ko duba ba. Duk abin da na koya a kwaleji na gwada, babu wanda ya tsayar da shi. Sai wata rana na gan shi yana tafiya a layin yana shafa katangun mutane da tafin hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wani abu. Na tuna makauniyar nan.

Lokacin Yaya yana Bauchi wajen wani kwas. Na kira shi na ce ina so in yi ɗan gyara a bangon ƙofa saboda Baba. Ban faɗa masa irin gyaran ba. Ya ce in yi, in dai zai hana a riƙa kawo masa ƙara ofis. Na je Katagum na ɗebo jar ƙasa a buhuna daga ramin da Baba ya saba ɗiba, da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yaɓe da shi don bango ya jure ruwa. Na sassare filastar gefen get, na bubbuga ƙananan ƙusoshi don ƙasar ta kama. Na zuba ƙasar a ƙofar gida, na fito da Baba.

Ya daɗe yana kallon tarin. Sai ya tsugunna ya ɗiba, ya murza, ya kai harshensa. Ya ɗago ya dube ni, ni da ya yi wata shida bai san ni ba, ya ce, "Kai lebura, tsayuwa aka kawo ka ka yi? Zuba ruwa."

Kwana biyar muka yi. Mutumin da ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa sai ga shi yana jan layi da yatsa biyu, babu igiya babu ma'auni, layin ya tafi ya lanƙwaso ya shige ta ƙarƙashin ɗan'uwansa ya dawo inda ya faro. Ya yi dagi babba a tsakiya, ya kewaye shi da da'irori, ya saukar da wasu layuka biyu a gefe har ƙasa. Sau ɗaya na kai hannu zan gyara wani lungu, ya make mini hannu da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. Ya ce, "Wa ya koya maka? Ubanka bai iya komai ba, in dai shi ne." Masu wucewa suka yi dariya. Ni ma na yi. A kwanakin nan biyar ya ci abinci da kansa, ya yi barci, bai tambayi Inna ba.

Da muka gama ya ja baya ya tsaya a tsakiyar layi yana kallo. Ya ce, "Gidan wa ne wannan?"

Na ce, "Gidanka ne, Baba."

Ya ce, "A'a. Gidan wani babban mutum ne. Amma aikina ne."

Daga ranar ya daina ɓata. Zai fita ya yi yawonsa, ya dawo yana shafa katangu, da hannunsa ya hau kan zanen sai ya tsaya. Ya duba ko ya tsage. Sannan ya ce, "Bari in shiga in gaida masu gidan." Bai taɓa yarda nan ne gidansa ba. A ganinsa gidan da ya yi wa aiki ne, mutanen kirki ne, suna ba magini abinci da wurin kwana. Yakan yi wa matar Yaya godiya har da durƙusawa, ita kuma kunya ta sa ta gudu ɗaki. Da Yaya ya dawo daga Bauchi ya ga bangon, ya tsaya bai kashe motar ba. Ya ce mini, "Ka mayar mini da gida ƙauye." Amma ya bari, domin an daina kai masa ƙara. Fiye da shekara muka yi a haka.

Sai aka sa ranar auren babbar 'yar Yaya. Dangin angon manyan ma'aikata ne daga Bauchi. Yaya ya fara gyaran gida. Wata Asabar da safe ya kira ni, na same shi a ƙofar gida, an sauke kwalayen tayil.

Ya ce, "Gobe masu aiki za su zo. Za a cire wannan abin."

Na ce, "Yaya, da shi Baba yake gane gida."

"Baba ba ya gane komai. Ni ma bai gane ni ba. Tun yana da hankalinsa ma bai gane ni ba."

"A rufe shi da labule mana, ko a jingina wani abu, har a gama bikin."

"Labule a kan titi? Mutane su zo daga Bauchi su ga laka a ƙofar gidana?"

Na ce idan aka cire zai koma ɓata. Sai ya juyo ya dube ni sosai, ya yi magana a hankali. Ya ce, "Shekara uku matata tana wanke masa kashi. Kai kana zuwa da yamma ka zauna rabin awa ka tafi, a ce kai ne mai tausayi. To ga shi nan. Ka ɗauke shi yau ka kai shi gidanka, ka yaɓe duk bangon da kake so."

Ɗaki biyu nake haya a lokacin, da mata da yara uku. Amma ba zan fake da wannan ba. An riƙe iyaye a ɗaki ɗaya ma. Gaskiyar ita ce na tuna warin ɗakin Baba da safe, na tuna wankin, na ji ba zan iya ba. Yaya ya jira. Da ya ga ban ce zan ɗauke shi ba sai ya ce, "To gobe ka zo da wuri."

Washegari masu tayil suka zo suka tarar da Baba zaune a gindin zanen yana shan hantsi. Babbansu ya ce shi ba zai ɗaga guduma a kan aikin dattijo yana kallo ba. Yaya ya ce mini, "Fita da shi." Na ce wa Baba ana neman magini a wata unguwa. Nan da nan ya miƙe ya gyara hularsa. Na ɗora shi a bayan babur ɗina, ya riƙe rigata da hannu biyu. Na yi ta zagaye da shi gari. Na saya masa fura. Muka yi azahar a wani masallaci, muka zauna a inuwa. Yana ta tambayata ina wurin aikin, ina cewa mun kusa. A kan hanya yana nuna mini katangun da za su tsage. Ya ce mini ni yaron kirki ne, idan aikin ya samu zai ɗauke ni lebura.

Da la'asar muka dawo. Na sauke shi a bakin layi, ban san me ya sa ba, wataƙila ina fatan hannunsa zai gane wurin ko babu zanen. Ya taho yana shafa katangu. Ya zo kan tayil ɗin, hannunsa ya zame ya wuce. Jar ƙasar tana tare a cikin kwata, ya taka ta ya wuce. Ya kai ƙarshen layi ya dawo. Ya sake komawa. Sau huɗu. Na kama hannunsa na ce, "Baba, nan ne." Ya fizge. Ya ce ba nan ba ne, shi ya san gidan, akwai aikinsa a jiki.

Yaya ya fito. Ya yi lallashi kaɗan, sannan ya ce in kama ɗaya hannun. Muka ɗaga shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya riƙe ƙarfen get, sai da muka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Yana kiran mutanen layi yana cewa, "Jama'a, ku taimake ni, ban san su ba." Maƙwabta suka leƙo suka koma. Mai shagon kayan ginin yana tsaye a ƙofar shagonsa. A wurinsa aka sayi tayil ɗin, bai san inda za a liƙa shi ba. Tun daga ranar bai ƙara ce mini Malam ba, sai dai ya ɗaga mini hannu.

An mayar da Baba ɗakin baya, kusa da wurin ajiye janareta, aka sa kwaɗo. An ce na kwanakin biki ne kawai. An yi biki lafiya, baƙi sun yaba gidan. Bayan biki aka buɗe shi sau ɗaya, ya fita, aka samo shi a hanyar Misau ƙafafunsa sun fashe. Aka mayar da kwaɗon, ba a ƙara cirewa ba sai don a kai abinci ko a yi masa wanka. Na ce zan sake ɗebo ƙasa in yi masa zanen a cikin gida. Na faɗa sau da yawa. Aikin makaranta, damina, jarrabawa. Ban ɗebo ba.

Wata tara ya yi a ɗakin. Da farko yana buga ƙofa, daga baya ya daina. Ya daina tsayuwa, ya rage ci. Matar Yaya ta ce mini duk cokalin da ta kai masa sai ta same shi a lanƙwashe. Da na duba bayan katifarsa na ga dalili. Ya yi ta ƙoƙarin jan layi a bango da bakin cokali, amma siminti ya ƙi. Fentin kawai ya kankare.

Kwana uku kafin ya rasu na je da hantsi. Na karɓi makulli a wurin matar Yaya na shiga. Yana zaune ya jingina da bango, idonsa a buɗe tar, kamar wanda ya farka daga dogon barci. Na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya tambaye ni iyali. Sai ya yafito ni da hannu na matso. Ya rage murya.

Ya ce, "Malam, kai mutumin garin nan ne?"

Na ce, "Eh, Baba."

Ya ce, "To don Allah zan ba ka saƙo. Ina da 'ya'ya biyu maza a Azare. Babbansu ma'aikacin hukuma ne, kowa ya san shi. Ƙaraminsu malamin makaranta ne, yana da hannu, ya fi ni iya zane, ban dai taɓa gaya masa ba. Ba su san inda nake ba. Ka neme su ka ce wasu mutane sun kulle ubansu. Da sun ji za su zo."

Na ce, "Zan gaya musu."

Ya ce, "Yau?"

Na ce, "Yau."

Ya sa mini albarka. Na tashi na fita, na ja ƙofar, na mayar da kwaɗon, na kai wa matar Yaya makulli.

Ya rasu ranar Alhamis da safe, babu kowa a wurinsa. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa kabarinsa ya fi ɗakin da muka ba shi faɗi. Mu kuma ban san da wane baki zan roƙa mana ba.